Sandunan Katako na Dakta Sule

Talata: Kaduna zuwa Abuja

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidana da ke Unguwar Dosa da jaka biyu: ƙarama ta tufafi, da doguwa mai sandunan golf goma sha huɗu. Hajiya Binta, mai ɗakina, ta rako ni bakin ƙofa tana cewa, "Mutum ya tsallaka teku don buga ƙwallo! Allah ya kiyaye hanya." A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa na yi sallar asuba. Jami'in da ke binciken kaya ya daɗe yana shafa doguwar jakar.

"Baba, ba dai bindigogi ba ne?"

Na zuge masa. Ya zaro sanda ɗaya, ya juya ta, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da alama bai san sa'ar me yake roƙa min ba.

Bari in faɗi wanda zan je wurinsa. Dakta Sule mutumin Funtuwa ne, likitan ƙoda. Gadonmu ɗaya a sakandaren kwana a Zariya, shi a sama ni a ƙasa. Ni na zama safiyo, na yi shekara talatin da biyar ina awon ƙasa. Shi ya tafi Amurka ya zauna. Dukanmu a tsufa muka koyi golf, kowa a inda yake, kuma duk Lahadi sai mun yi waya muna cika wa juna baki. Shekara biyu da suka wuce yayansa Hamza ya rasu a Funtuwa, ina kwance a asibiti, ban samu zuwa jana'iza ba. Tun daga lokacin wayar Sule ta fara ja da baya har ta ɗauke. Na ɗauka fushi yake yi da ni.

Sai a watan Agusta saƙo ya zo daga matarsa, Hajiya Rakiya: "Alhaji, in da hali ka zo farkon Oktoba. Akwai golf irin na da, Dakta na bukatar abokin bugu." Na karanta ya fi sau biyar. Ni da Sule ba mu taɓa buga golf tare ba, to wane "na da" take nufi? Bizar da na yi lokacin bikin kammala karatun ɗana ba ta ƙare ba, don haka na shirya, na kuma shirya kalaman ban haƙuri.

Mun isa Abuja ƙarfe tara da 'yan mintuna. Da rana jirginmu ya tashi zuwa Addis Ababa, daga can muka canza wani.

Laraba: Laurel

Ƙarfe takwas da kwata na safe muka sauka a filin jirgin da ke yamma da Washington. Agogon hannuna na cewa ɗaya da kwata, cikina na cewa lokacin tuwo ya yi. Jami'ar shige da fice ta tambayi abin da ya kawo ni, na ce golf. Ta dubi babbar rigata, ta dubi fasfo, ta buga hatimi.

Hajiya Rakiya ba ta zo ba. Wani direban tasi ta aiko, Isufu, mutumin Damagaram. Daga filin jirgi zuwa Laurel mil arba'in da biyar ne, amma cunkoson safe ya sa muka yi awa ɗaya da rabi. Itatuwan bakin hanya wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, na tambaye shi ko gobara ce ta bi ta wurin.

"A'a Alhaji, sanyi ne ke tahe, haka suke yi." Ya dube ni ta madubi. "Bon, kai ne abokin Dakta? Dakta dai sai addu'a."

"Hawan jini ne?"

"Hajiya za ta hwaɗa maka."

Sule da kansa ya buɗe ƙofa. Ya rame kaɗan, kansa ya yi fari fat, amma murmushin nan nasa na gefen baki yana nan. Ya rungume ni ƙam, ya ce, "Yaya Hamza! Sai yau?"

Na ce a raina, ga gatsen tun daga bakin ƙofa. Na fara, "Sule, wallahi a lokacin ina kwance..." Sai Hajiya Rakiya ta fito da sauri. Ita 'yar Zangon Kumasi ce, nas ce mai ritaya. "Akwaba, Alhaji, sannu da hanya! Ku shigo, abinci na sanyi." Ta kama hannun mijinta ta juya shi.

A teburin cin abinci, wake da shinkafa irin na Gana da yaji mai kifi, Sule ya tambaye ni yaya hanya. Na ba shi labari. Bayan loma biyar ya sake tambaya. Na sake ba shi, a taƙaice. Da ya yi ta uku na ce to, wannan kuma horo ne. Wani abin da ya ɗaure min kai shi ne Hausarsa. Sulen da na sani a waya ba ya jera kalma uku bai saka Turanci ba. Yau kuwa Hausar Funtuwa zalla yake yi, har da kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai. 'Yarsa Asma'u, lauya ce a wani ofishin gwamnatin tarayya, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausa, sauran maganar duk da Turanci. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ba ta yi. Da ta yi wa mahaifinta magana, sai ya dube ta da ladabi kamar baƙuwa, ya ce, "To, madalla."

Bayan cin abinci ya hangi doguwar jakata. Ya zuge, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Waɗannan ai kayan gyaran mota ne. Zo ka gani."

Ya kai ni gareji. A jikin bango akwai wata siririyar jakar tamfol, faɗinta bai wuce na turmin atamfa a naɗe ba, da sanduna shida a ciki. Duk ƙotarsu ta katako ce, ta yi baƙi don tsufa, an naɗe mariƙin da fata, an ɗaure wuyan da baƙin zare. Ba lamba ko ɗaya a jikinsu.

"Wannan mashi," in ji shi, ya miƙo min ɗaya.

Na duba sama da ƙasa ban ga tsini ba. "Mashi?"

"Mashi mana. Wannan cokali. Wannan niblik. Wannan birasi."

Na riƙe mashin da ba mashi ba, na dubi cokalin da ba ya ɗibar miya, na rasa ko zolaya ce ko ci gaban hukunci. Muka yi salla tare. Muna sallamewa ya juyo ya ce, "Mun yi la'asar kuwa?" Ni kaina a lokacin ban tabbata azahar muka yi ko la'asar ba, saboda haka na ce masa ban sani ba. Muka zauna a kan darduma muna kallon juna.

Alhamis: Wheaton

Ƙarfe goma Hajiya Rakiya ta ce in zo da wandona guda na Turawa, za mu wurin tela. Asma'u ta zauna da mahaifinta. Mil goma sha biyar ne zuwa Wheaton, minti talatin da biyar. Unguwa ce ta baƙi, ko ina shagunan 'yan Afirka da na mutanen wasu ƙasashe. Telan ɗan Gana ne, shagonsa a saman wani kantin kayan miya. Ya ɗora tef a ƙasan gwiwata ya ja alli.

"Malam, nan za ka yanke?"

"Nan ne, Alhaji. Duk na Dakta ni na yi."

"Wandon sabo ne fa."

"Zai zama na da," in ji shi, ya sa almakashi.

A kantin ƙasa akwai kuka, daddawa, manja, har da kilishi. Na ɗauki doya guda na ga dala tara, na juya a naira, na mayar da ita wurinta a hankali. Hajiya ta sayo min doguwar safa da wata hula mai faɗi da ɗan baki a gaba.

Da muka shiga mota ba ta tayar ba. Ta ɗora hannu biyu a sitiyari, ta juyo gare ni.

"Alhaji, Dakta ba fushi yake da kai ba. Ciwon mantuwa ne. Shekara uku ke nan, amma bara ya yi ƙarfi."

Na yi salati. Duk abin da ya faru jiya ya dawo min ɗaya bayan ɗaya, kunya ta kama ni, don ni ina can ina lissafin gatse, mutum kuwa yana ta fama.

Ta ce Turancin ne ya fara tafiya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana duba marasa lafiya da Turanci, yanzu sai ya ji shi kamar ƙarar ruwa. Abu guda da bai taɓa shi ba shi ne wannan wasan. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya shiga wata ƙungiya ta masu buga golf yadda ake yinsa shekara ɗari baya, da sandunan itacen hikori da tufafin zamanin. Bai taɓa faɗa min wannan a waya ba. In ya riƙe sandar nan, hannunsa ya san komai. Amma a watan jiya ya nemi wani abu da Hausa a filin wasa, ba wanda ya gane, ya fusata ya tafi, sai bayan minti arba'in aka same shi a wurin tsayawar bas. Asma'u ta ce an daina wasan. Da ƙyar ta yarda a gwada sau ɗaya, in akwai mai jin harshensa a gefensa.

"In ya gama wasan rami tara lafiya ranar Asabar, zai ci gaba. In ba haka ba, shi ke nan, sai zaman gida."

"Me ya hana ki faɗa min a waya?"

"Na ɗauki wayar sau nawa, bakina ya ƙi. Kuma na ji tsoron ka shigo masa da fuskar ta'aziyya. Wannan fuskar yana gane ta."

"To in ya kira ni Hamza, in ce me?"

"Ka amsa, Alhaji."

Juma'a

Mun je masallaci tare, mil huɗu daga gida. Da yamma ya fito da ni bayan gida ya ba ni mashi. Sai a ranar Asma'u ta bayyana min cewa sunan sandar ke nan tun asali a wurin Turawan da suka ƙirƙiro wasan, ba ruwansa da mashinmu. Cokali kuwa mahaifinta ne ya fassara. Na yi lilo ɗaya da sandar na ji ƙotar ta lanƙwashe, kan ya biyo baya a makare kamar jakin da ba ya son tafiya.

"Jira ta," in ji Sule. "Itace ne, ba a yi masa gaggawa."

Na jira ta har magariba, ba ta zo ba.

Asabar: bakin kogi

Ƙarfe bakwai da minti goma muka tashi, Asma'u ke tuƙi. Mil ashirin da ɗoriya zuwa kudu maso yammacin Washington. Muka ratsa ta tsakiyar manyan ofisoshin gwamnati, duk a rufe, ta nuna min tagar nata a hawa na shida. Muka haye wata 'yar gada muka shiga wani tsohon filin golf shimfiɗaɗɗe, ruwa dama, ruwa hagu, jiragen sama na tashi daga ƙetaren kogi kusan kowane minti biyu.

Na fito daga mota da wando iya ƙasan gwiwa, safa mai zane, farar riga da nakatayi, ga hula. Da na ga kaina a gilashin mota sai na tuna hoton Di'o, Baturen mulki, da ke rataye a tsohon ofishinmu na safiyo. Mutum ashirin da wani abu ne a wurin, yawanci tsofaffi, mata da dogayen siket, kowa da 'yar siririyar jakarsa a kafaɗa. Na rasa ko wasa aka zo ko fim za a ɗauka.

Wani dogon Bature mai shekara kusan tamanin ya taho da sauri, Mista Gordon, tsohon ma'aikacin gidan waya. Shi da wani abokinsa za mu kara da su. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya karanta, "Sannu, Sule. Ina kwana." Kalma huɗu ya roƙi Hajiya ta rubuta masa. Ya yi min bayanin dokar: ƙwallo ɗaya ni da Sule, ni in buga, shi ya buga, har ta shiga rami. Ya ga na'urar auna nisa a hannuna, ya karɓa cikin fara'a ya miƙa wa Asma'u. Ita da mahaifiyarta za su zauna a barandar gidan shan shayi, haka aka yi yarjejeniya.

A rami na farko na laluba aljihu ina neman ɗan turken da ake ɗora ƙwallo. Babu. Sule ya tsuguna gaban wani bokiti, ya ɗebo jiƙaƙƙen yashi, ya murza shi da yatsu uku ya yi ɗan tudu, ya ɗora ƙwallon. Ya miƙo min birasi. Duk abin da aka koya min jiya ya gudu. Na zage ƙarfina na narka mata. Ƙwallon ta yi dama kamar an kira ta, ta tsaya gindin wata bishiya, ko yadi saba'in ba ta yi ba.

"Madalla!" in ji Mista Gordon da ƙarfi.

"Wa ke korarka?" in ji Sule.

Ya je gindin bishiyar, bai ko tsaya nazari ba, ya zaro cokali. Lilonsa a hankali kamar mai kaɗa furar baƙo. Na ji wani ɗan sauti, ƙwas, ƙwallon ta tashi ƙasa-ƙasa, ta sauka ta yi ta gangarawa tsakiyar fili. Turawan suka tafa. Bai kula su ba, ya saɓa jaka ya yi gaba.

Daga nan na zama ɗan rakiya. Ni da na saba in san nisan komai kafin in ɗaga hannu, sai ga ni ba lamba ba na'ura.

"Sule, yadi nawa zuwa tutar ramin can?"

"Mashi ne."

"Na ce yadi nawa?"

"Na ce maka mashi ne."

Bakin ramin ma wani abu ne. A inda na koya, yashi ne da aka gauraya da baƙin mai, sai ka buga da ƙarfi. Nan ciyawa ce kamar darduma, in ka taɓa ƙwallo sai ta wuce rami ta bar ka da kunya. Ban san ko muna ci ko ana cinmu ba, don duk abin da na yi Mista Gordon madalla yake cewa, har lokacin da na jefa ƙwallo cikin kududdufi.

Sunana kuma yana ta canzawa. A rami na farko Yaya Hamza ne ni. A na biyu na zama Malam. A na uku ya tambaye ni ko ni ne sabon direban asibiti. Ina amsawa kamar yadda Hajiya ta ce, ina fassara tsakaninsa da Turawa. Ya ce a gaya wa Gordon takalminsa ya kwance. Ya ce a gaya wa ɗayan ya daina magana in mutum zai buga. Ashe irin waɗannan 'yan abubuwan ne yake ta faɗa wata da watanni ba mai ji.

A rami na huɗu na kasa daurewa. Muna tafiya kafaɗa da kafaɗa na ce, "Sule, ni ne fa. Muntari. Muntari Dogo, na gadon ƙasa."

Ya tsaya ya ƙare min kallo, daga hula har safa. Sai ya fashe da dariya.

"Kai, Malam! Muntari ai siriri ne kamar kara, ga suma. Kai tsoho ne."

Na yi dariya tare da shi. Ban san me kuma zan yi ba.

A rami na shida na sake kwaɗa ƙwallo dama, cikin wasu itatuwa. Ganye ya zube ko ina, ja da rawaya, farar ƙwallo ta ɓace a ciki. Na shiga nema, Gordon da abokinsa suka shigo taya ni, mu uku kanmu a ƙasa muna tona ganye da sanduna. Abokin ne ya hango ta, ashe ta wuce itatuwan ta faɗa ramin yashi. Na ɗago in gaya wa Sule. Jakarsa na nan a yashe a kan ciyawa, shi babu.

Na ƙwala kira. Jirgi ya taso ya danne muryata. Gordon ya yi hagu, abokinsa ya koma baya, ni na nufi ruwa, don shi na fi tsoro. Ina da shekara sittin da takwas da gwiwa mai ciwo, amma na yi gudu, safa ɗaya ta zame zuwa idon sawu, hula ta faɗi ban tsaya ba. Abu ɗaya aka kira ni in yi daga Kaduna, na sake shi saboda ƙwallo.

Na same shi bayan wani shinge, ya tsallaka titi, ya dafa ƙarfen da ke bakin kogi yana kallon jirgin da ke hawa. Ruwan na bugun bangon a ƙasan ƙafarsa. Na rage gudu, na matsa a hankali na tsaya gefensa.

"Na Kano ne wancan," in ji shi. "Sun tafi sun bar ni. Inna na jirana."

Mahaifiyarsa ta rasu shekara ashirin da suka wuce. In ce masa ta rasu? In ce akwai wani jirgin gobe? In kama hannunsa in ja, ya fusata? Ba wanda ya koya min wannan. Abin da ya zo bakina shi ne gaskiyar da ke gabana.

"Dakta, na jefa mu cikin yashi. Kuma bugunka ne."

Ya juyo. "Yashi?"

"Can ciki. Rabin ƙwallon ya nutse. Ban ma san sandar da ake ɗauka ba."

"Niblik mana! Kai wa ya koya maka wasa?" Ya saki ƙarfen. "Mu je in gani."

Muka tsallako titi yana min faɗa. Minti bakwai duka-duka, na duba agogo. Ya shiga ramin, ya murza ƙafafunsa cikin yashi, ya buga. Yashi ya tashi, ƙwallon ta fito ta tsaya taku biyu daga tuta. Mista Gordon ya iso yana haki, ya buɗe baki, wannan karon madallar ma ta ƙi fita.

Ragowar ramuka uku ban ƙara ɗauke ido daga kansa ba, ko lokacin da nake bugu. Abin mamaki, a lokacin ne ƙwallona ta fara tafiya sosai. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ya zura ta ƙarshe a rami na tara, ya cire hula ya ba kowa hannu. An ce an cinye mu da rami uku.

A baranda Asma'u ta tambaye ni da Turanci, "Baffa, lafiya kuka gama?" Gordon na bayanta yana min alama da ido in yi shiru. Hajiya Rakiya na kallona. Na ce mata ta zo gefe, na faɗa mata komai: itatuwan, titin, ƙarfen bakin kogi, minti bakwai. Na ce laifina ne, ni na ɗauke ido.

Ta dubi mahaifinta, yana zaune yana goge niblik da hankici. Idonta ya kawo ruwa.

"Me ka ce masa ya dawo?"

Na faɗa mata.

"Sake faɗa a hankali."

"Bugunka ne."

"Bugunka ne," ta maimaita, harshenta na karyewa. "Baba, bugunka ne." Ta ce in an dawo wasa bayan sanyi ita za ta riƙa bin sa rami-rami da ƙafa, kuma kafin in tafi in zauna da ita in koya mata duk abin da ake faɗa a filin wasa. Ranar Lahadi mun yi awa uku a kan haka, tana faɗa ina gyarawa, uwar na dariya daga kicin.

Litinin zuwa gida

Isufu ya zo ƙarfe shida da rabi na safe. Sule ya riga ya tashi, ya rako ni har mota da silifas. Ya ga ana saka jaka a but ɗin mota, ya tambayi inda za ni.

"Kaduna."

Fuskarsa ta washe. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kaduna? To don Allah in ka je ka nemi wani abokina, Muntari Dogo, safiyo ne, kowa ya san shi. Ka ce ina gaishe shi ƙwarai. Ka ce ya zo, na ajiye masa sanduna."

"Zan faɗa masa."

"Kada ka manta fa."

"Ba zan manta ba, Dakta."

Har muka sha kwana yana tsaye yana ɗaga hannu. Da muka hau babban titi, Isufu ya miƙo min goro.

Jirgi ya tashi kafin azahar. Na sauka Abuja ranar Talata da rana, na kwana gidan ƙanwata a Kubwa, Laraba na bi jirgin ƙasa na safe, ƙarfe goma sha ɗaya ina ƙofar gidana. Sandunana goma sha huɗu sun je Amurka sun dawo ba su taɓa ciyawa ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Rakiya da ta yi ƙarfin halin kirana, da Asma'u, da Isufu, da dattijon nan Gordon mai Hausa kalma huɗu. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Sule a addu'a.

Hajiya Binta ta kawo min ruwa, ta bari na sha, sannan ta zauna.

"Ya gane ka kuwa?"

Na ce, "Ya ce a gaishe ni."